Sauya Sheƙar Direbobi da Raɗe-raɗin Kwantiragi a Formula 1: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara bibiyar tseren motoci na Formula 1 zai lura cewa rabin hirar da ake yi a kansa ta ciniki ce: wa zai bar wace ƙungiya, wa zai gaje shi, kwantiragin wane saura shekara nawa. Ga tambayoyin da sababbin masu kallo suka fi yi a wannan fanni, da amsoshinsu.

Me ya sa ake ta cece-kuce a kan kujerar direba guda ɗaya?

Saboda kujerun ba su da yawa. Kowace ƙungiya motoci biyu take sakawa a tsere. Daga 2017 zuwa 2025 ƙungiyoyi 10 ne, wato direbobi 20 ke nan a duk faɗin duniya. Shigowar Cadillac ta Amurka a 2026 ce ta kai adadin zuwa 22. A cikin waɗannan ma, ƙungiyoyi uku ko huɗu ne kawai suke da motar da za ta iya cin tsere a kowace kaka, wani lokacin ma guda ɗaya tak. Mercedes ta ɗauki kambun ƙungiyoyi sau takwas a jere daga 2014 zuwa 2021. A 2023 kuwa Red Bull ta cinye tsere 21 cikin 22.

Don haka komai gwanintar direba, idan motarsa ba ta gudu, aikin banza ne. Fernando Alonso ya zama zakaran duniya a 2005 da 2006, kuma babu mai musun cewa yana cikin gwanayen zamaninsa, amma tun da ya ci tseren Sifaniya a watan Mayun 2013, har aka rufe kakar 2025 bai sake cin wani ba. Zaɓen ƙungiya a wannan wasa shi ne rabin sana'ar.

Ana sayen direba ne kamar yadda ake sayen ɗan ƙwallo?

A'a. Babu kasuwar da ake buɗewa a rufe kamar ta 'yan ƙwallo, kuma ba a saba biyan wata ƙungiya kuɗin sayen direbanta ba. Yawanci ana jira ne kwantiraginsa ya ƙare, sai ya sa hannu a wani wuri. Idan ana gaggawa, sai a biya diyya. Ƙarshen 2009 Ferrari ta sallami Kimi Räikkönen saura masa shekara guda, ta biya shi, don ta ba Alonso kujerar. McLaren ma haka ta yi wa Daniel Ricciardo a 2022.

Akwai kuma aro. Red Bull ta ba Renault aron Carlos Sainz daga ƙarshen 2017 zuwa 2018. George Russell ya yi shekara uku a Williams, daga 2019 zuwa 2021, alhali Mercedes ce ke riƙe da akalarsa, tana jiran ya nuna kafin ta ɗauko shi.

Akwai lokacin da jita-jita ta fi yawa?

Bisa al'ada watan Agusta ne, lokacin hutun bazara, da ake tilasta wa ƙungiyoyi rufe masana'antunsu na kwana 14. Babu tsere, babu labarin da za a rubuta, ga kuma shugabannin ƙungiyoyi sun sami sarari na zama da wakilan direbobi. Amma manyan sanarwowi ba sa jiran Agusta. A watan Disambar 2005 aka bayyana cewa Alonso zai koma McLaren a 2007, sai da ya yi kaka guda cur yana tuƙa Renault kowa ya san zai tafi, kuma ya sake ɗaukar kambu da ita. Nico Rosberg ya ci kambun 2016 da Mercedes, bayan kwana biyar ya ce ya yi ritaya. Mercedes ta shiga neman direba a tsakiyar hunturu, ta roƙi Williams ta sakar mata Valtteri Bottas, ita kuma Williams ta je ta dawo da Felipe Massa wanda ya riga ya yi ban kwana da wasan.

Me ake rubutawa a cikin kwantiragin direba?

Sirri ne, ba a wallafa shi. Abin da aka sani daga shari'o'i da bakin masu abin shi ne tsarinsa. Akwai adadin shekaru, sannan akwai damar ƙari, wadda a wani lokacin ƙungiya ce ke riƙe da ita, wani lokacin direba. Shi ya sa idan aka ce wane ya sa hannu na shekara biyu, yana iya zama shekara ɗaya ce tabbatacciya, ta biyun sai wani ɓangare ya ga dama. Kwantiragin da Lewis Hamilton ya sa wa hannu da Mercedes a watan Agustan 2023 na shekara biyu ne a bakin sanarwa, amma da ƙofar fita bayan shekara guda, kuma ta nan ya fita.

Akwai sharaɗin ƙwazo, mai cin kowane ɓangare: idan direba bai tara maki kaza ba ƙungiya na iya sallamarsa, idan mota ta gaza kai shi wani matsayi a teburi shi ma yana iya tafiya. Akwai ladan da ake ƙara masa a kan kowane maki ko nasara, da yawan kwanakin da zai ba kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ƙungiya. Manyan direbobi har kan abokin zama suke sa baki. Alain Prost ya gindaya wa Williams sharaɗin cewa Ayrton Senna ba zai zama abokin tuƙinsa a 1993 ba.

Wani abin lura shi ne, ƙa'idar taƙaita kashe kuɗi da aka fara a 2021 da dala miliyan 145 ba ta shafi albashin direbobi ba. Ƙungiya mai hali tana iya zuba wa direba ko nawa ne ba tare da ta taɓa kuɗin haɗa mota ba. Alƙaluman albashin da kuke gani a jaridu kuwa ƙiyasi ne, babu ƙungiyar da ke fitar da su.

Me ya faru tsakanin Oscar Piastri da Alpine a 2022?

Wannan ne misalin da ya fi dacewa mutum ya riƙe, domin duk abin da ke cikin harkar ya fito fili a cikin mako guda.

Ranar 28 ga Yuli, Sebastian Vettel ya sanar da cewa zai yi ritaya a ƙarshen kaka, kujerarsa a Aston Martin ta zama babu kowa. Alonso yana Alpine a lokacin, yana da shekara 41, yana son kwantiragi mai tsawo, ƙungiyar kuma tana jan ƙafa saboda shekarunsa. Ranar Litinin 1 ga Agusta, washegarin tseren Hangari, Aston Martin ta sanar da cewa ta ɗauke shi. Shugaban Alpine na lokacin, Otmar Szafnauer, ya ce a takardar sanarwa ya ga labarin.

Alpine ba ta tayar da hankali ba, don tana ganin tana da magaji a gida. Piastri, ɗan Ostireliya, yaronta ne da ta raina a makarantarta ta matasa, ya ci gasar Formula 3 a 2020, ya ci Formula 2 a 2021, wato ƙananan gasannin da ake bi kafin Formula 1, yana zaune a matsayin direban ko-ta-kwana. Ranar 2 ga Agusta ta fitar da sanarwa cewa shi ne zai tuƙa mata a 2023. Masu lura sun ga wani abu a takardar: babu ko kalma ɗaya daga bakin Piastri, alhali a al'ada sabon direba yakan bayyana farin cikinsa a irin wannan sanarwa. Cikin 'yan sa'o'i ya rubuta a Twitter cewa an fitar da sanarwar ba da yardarsa ba, bai sa hannu da Alpine ba, kuma ba zai tuƙa mata ba.

Ashe tun ranar 4 ga Yuli ya riga ya sa hannu da McLaren. Magana ta je gaban hukumar tantance kwantiragi, ranar 2 ga Satumba ta yanke cewa yarjejeniyar McLaren ce kaɗai sahihiya, ta kuma ɗora wa Alpine kuɗin shari'a. An zargi Piastri da butulci a wancan lokacin, kuma ina ganin zargin bai yi masa adalci ba. Hukuncin ya nuna cewa Alpine ta daɗe tana yi masa alkawarin kwantiragi ba ta kawo ba. Matashin da ya ci gasa biyu a jere ya zauna shekara guda babu tsere, ga ƙungiyarsa ta kasa ba shi takarda, ba laifi ba ne ya karɓi ta wanda ya kawo.

Wace hukuma ce wannan, kuma daga ina ta samo asali?

Zama ne na lauyoyi masu zaman kansu a Jeneba ta ƙasar Suwizalan. Ana ajiye kwafin kwantiragin kowane direba a wurinta, idan ƙungiyoyi biyu suka yi iƙirarin mutum ɗaya sai ta duba ta faɗi wanda ke da gaskiya, kuma ƙungiyoyin sun amince su bi hukuncinta.

Rikicin Michael Schumacher ne ya haifar da ita. A 1991 an ɗaure direban ƙungiyar Jordan, Bertrand Gachot, a Landan bayan hatsaniya da wani direban tasi, sai aka ba Schumacher motar a tseren Beljiyam. Ya zo na bakwai a gwajin jerin tashi, wanda ke tsara inda kowa zai tsaya a farkon tsere, motar ta mutu masa a zagayen farko, amma kowa ya riga ya ga abin da ya gani. Kafin tsere na gaba a Monza, Flavio Briatore, shugaban ƙungiyar Benetton, ya ɗauke shi zuwa can. Eddie Jordan, mai ƙungiyar Jordan, ya garzaya kotu, bai yi nasara ba.

Jenson Button ma ya sha gabanta. A 2004 ya sa hannu da Williams, ƙungiyarsa ta BAR ta ce nata ne, hukumar ta ba BAR gaskiya. Shekara ta zagayo, Williams na riƙe da kwantiraginsa na 2006, shi kuma zuciyarsa ta koma BAR, sai da ya biya maƙudan kuɗi ya fanshi kansa. Wani lokacin kuma kotun ƙasa ake zuwa. A 2015 Giedo van der Garde ya maka Sauber a kotun Melbon saboda ta ba wasu biyu kujerun alhali yana da kwantiragi. Ya ci shari'a, amma a ƙarshe kuɗi aka ba shi ya haƙura, bai sake yin tsere a Formula 1 ba.

Ta yaya tafiyar mutum ɗaya ke girgiza kowa?

Ranar 1 ga Fabrairun 2024, tun ba a fara kaka ba, aka sanar da cewa Hamilton zai koma Ferrari a 2025, bayan shekara 12 da kambu shida a Mercedes. Nan take Sainz, wanda ke Ferrari a lokacin, ya rasa kujerarsa ta 2025 ba tare da ya yi wani laifi ba, har ma ya ci tsere biyu a wannan shekarar, a Ostireliya da Meziko. Ƙungiyoyin tsakiyar teburi suka dakatar da nasu cinikin suna jiran su ga inda zai faɗa, direbobin da ke ƙasa da shi kuma suka zauna cikin zullumi wata da watanni. Sai a ƙarshen Yuli ya zaɓi Williams. Mercedes kuwa ta ba Kimi Antonelli, ɗan Italiya mai shekara 18, kujerar Hamilton.

Me zai sa direba ya bar ƙungiyar da ke cin tsere?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina. Direba yana sa hannu ne a kan motar da ba a ƙera ba tukuna. Abin da yake dubawa shi ne wane injiniya ne a can, wane kamfani ke haɗa musu inji, nawa suke zubawa, kuma yaushe za a sauya dokokin ƙira.

A watan Satumbar 2012 Hamilton ya ce zai bar McLaren ya koma Mercedes, Niki Lauda, tsohon zakara kuma ɗaya daga cikin shugabannin Mercedes a lokacin, na cikin waɗanda suka shawo kansa. A shekarar McLaren ta ci tsere bakwai, Mercedes ɗaya. Mutane da yawa sun ce ya yi wauta. Amma a 2014 aka sauya dokar inji zuwa mai haɗa fetur da lantarki, Mercedes ta daɗe tana shiri, ta yi wa kowa fintinkau. McLaren kuwa ba ta sake cin tsere ba sai a 2021.

Lissafin yana kuma iya ƙin ci. Alonso ya bar Ferrari ya koma McLaren a 2015 da fatan injin Honda zai yi abin kirki, ya yi kaka huɗu bai hau mumbarin ukun farko ko sau ɗaya ba. Hamilton kansa ya gama kakarsa ta farko a Ferrari ba tare da ya zo cikin ukun farko a babban tsere ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya fara a 2007, yayin da Sainz ya hau mumbari sau biyu da Williams.

Sabuwar dokar ƙirar mota da inji ta 2026 ita ce ta hura wutar cinikin shekarun nan. Audi ta karɓi Sauber, Honda ta koma Aston Martin, Red Bull ta fara haɗa injinta da haɗin gwiwar Ford. Shi ya sa komawar Adrian Newey, gwanin zanen mota, daga Red Bull zuwa Aston Martin ta ja hankali kamar ta babban direba.

Gaskiya ne wasu kuɗi suke biya a ba su kujera?

Gaskiya ne, kuma tsohon abu ne. Lauda da kansa bashin banki ya ci ya sayi kujerarsa ta farko, daga baya ya ɗauki kambu uku. Pastor Maldonado ya zo Williams da kuɗin kamfanin man fetur na Benezuwela, ya kuma ci tseren Sifaniya a 2012. Sergio Pérez ya daɗe yana samun goyon bayan kamfanonin attajirin Meziko Carlos Slim. Lawrence Stroll ya jagoranci sayen Force India a 2018, ɗansa Lance ya sami kujera, direbanta Esteban Ocon ya zauna shekara guda babu mota. Kuɗin da ya kawo mutum kuma yana iya tafiya da shi: da Rasha ta kutsa Yukiren a 2022, Haas ta raba gari da direbanta ɗan Rasha Nikita Mazepin da kamfanin Uralkali na Rasha mai ɗaukar nauyinsa a lokaci ɗaya.

To, kowane mai kuɗi zai iya shiga ke nan?

A'a, sai da babban lasisi na FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya. Dole direba ya tara maki 40 cikin shekara uku a ƙananan gasanni, kuma ya kai shekara 18, ko da yake tun 2024 hukumar na iya ɗaga ƙafa ga ɗan shekara 17 idan ta gamsu da shi. An kawo tsarin ne bayan Max Verstappen ya fara tsere yana da shekara 17 a 2015. A 2022 Red Bull ta so ɗauko Colton Herta daga gasar IndyCar ta Amurka, makinsa 32, hukumar ta ƙi.

Ana iya korar direba a tsakiyar kaka?

Ana yi, kuma Red Bull ce ta fi kowa. Tana da ƙungiyoyi biyu, babba da ƙarama, direbobinta kuma da uwar kamfani suke da kwantiragi, don haka tana iya musanya su yadda ta so. A watan Mayun 2016 ta sauko da Daniil Kvyat ta hau da Verstappen, ya ci tserensa na farko da motar. Wannan nasara ce, a ganina, ta sa aka ɗauki dabarar kamar magani, aka yi ta maimaita ta inda ba ta dace ba. An sauke Pierre Gasly bayan tsere 12 a 2019, shekara ta gaba ya ci tsere a Monza da ƙaramar ƙungiyar. An sallami Nyck de Vries bayan tsere 10 a 2023. An sauke Liam Lawson bayan tsere biyu kacal a 2025. Alpine ma ta ajiye Jack Doohan bayan tsere shida a wannan shekarar.

Abin yana damuna ƙwarai. Yanzu an taƙaita gwajin mota sosai, a 2025 kwana ɗaya da rabi sabon direba ya samu a gwajin farkon kaka kafin a jefa shi tsere. Waɗannan yara ne da iyalansu suka sadaukar da komai tun suna ƙanana a tseren 'yan ƙananan motoci. Tsere biyu ba ya isa a auna kowa, balle a motar da ƙwararru irin su Pérez suka kasa sarrafawa.

Me ke faruwa da direba tsakanin sa hannu da tserensa na farko a sabuwar ƙungiya?

Da zarar an san zai tafi, sai a daina gayyatarsa zaman da ake tattauna motar baɗi, don kada ya tafi da sirri. Kwantiragi yawanci sai 31 ga Disamba yake ƙarewa, saboda haka idan yana son gwada sabuwar motarsa a gwajin Abu Dabi na bayan kaka, sai tsohuwar ƙungiyarsa ta ba da izini. Shi ya sa ake ganin direba cikin fararen kaya ko baƙaƙe marasa tambari, domin har yanzu yana ƙarƙashin masu ɗaukar nauyin inda ya baro. Ferrari ta ba Sainz wannan izini a Disambar 2024.

Sai aikin kujera. Direba zai shiga kwarangwal ɗin motar sanye da kayan tserensa da hular kwano, ya zauna a kan wata jaka mai ɗauke da kumfa, ya riƙe sitiyari, ya yi shiru har kumfar ta daskare da siffar bayansa da kafaɗunsa. Daga wannan ake ƙera kujerar da ba za ta yi wa kowa daidai ba sai shi. Bayan haka zai haddace maɓallan sitiyari, waɗanda suka bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, ya kuma saba da muryar sabon injiniyan da zai riƙa yi masa magana a kunne.

Ta yaya zan gane jita-jitar da ke da tushe?

Ka tambayi kanka wa zai amfana da fitarta. Wakilin direba yakan saki labarin cewa wata ƙungiya na zawarcin yaronsa don a ƙara masa albashi inda yake. Shugaban ƙungiya yakan yabi direban wani a bainar jama'a don nasa ya sassauta buƙatunsa. A tsakiyar 2025 an yi ta maganar Verstappen zai koma Mercedes duk da kwantiraginsa da Red Bull ya kai 2028, a daidai lokacin da na Russell ke ƙarewa, kuma Russell da bakinsa ya ce ana tattaunawa. Ƙarshen Yuli Verstappen ya ce yana nan, a watan Oktoba aka sabunta wa Russell. Tattaunawar gaskiya ce, ciniki ne bai faɗa ba.

Ka kuma duba ko kujerar da ake magana a kai babu kowa, ko direban yana da lasisi, ko kamfanin inji ko mai ɗaukar nauyi yana da ra'ayi a kansa. Labarin da jaridu da yawa suka samo kowace ta hanyarta ya fi wanda kowa ke kwafowa daga shafi ɗaya. Musantawar shugaban ƙungiya ba hujja ba ce, don ba zai iya tona cinikin da ba a gama ba. Ko sanarwa ta hukuma ma tana da iyaka: Red Bull ta ƙara wa Pérez shekara biyu a watan Yunin 2024, a watan Disamba suka raba gari, bai sake samun kujera ba sai da Cadillac ta ɗauke shi tare da Bottas don kakar 2026.